Dabarar Shigar Da Inji Mai Nauyi Cikin Kwantena

Yau kwantena ta zama ruwan dare a garuruwanmu. Wasu sun mai da ita shago, wasu rumbu, wasu kuma ɗakin janareta ko injin niƙa. Sayen kwantena abu ne mai sauƙi idan da kuɗi. Wuyar aikin ita ce ranar da za a shigar da inji a cikinta. A wannan rana ce ake tara samari goma a ce su ɗaga da ƙarfin tsiya, kuma a nan ne ƙafa take karyewa, yatsa ya guntule.

Abin da ya sa aikin yake da wuya shi ne kwantena tana da rufi, ƙofa kuma a gefe ɗaya kaɗai. Ko an ɗauko motar ƙugiya, ba za ta iya sauke kaya ta sama ba. Ƙofar kwantena mai ƙafa 20 tana da faɗin kusan mita 2.34, tsayinta kusan mita 2.28. Saboda haka kafin a taɓa komai, sai a auna injin, a kuma tuna cewa katako da bututun da za a sa ƙarƙashinsa za su ci nasu wurin.

Kuskuren farko da mutane sukan yi shi ne rataya sarƙa a rufin kwantenar. Kada a yi haka. Ƙarfin kwantena yana ginshiƙai huɗu na kusurwoyinta da kuma daɓenta. Rufin kuwa farantin ƙarfe ne marar kauri, wanda a ƙa'idar ƙera shi kilo 300 ake gwada shi da shi, wato nauyin 'yan ma'aikata da za su hau sama.

Abin da ya kamata shi ne mai walda ya ƙera maɗagi a waje, daf da bakin ƙofa. Ƙafafu biyu-biyu a kowane gefe, a buɗe kamar harafin A, a ɗaure ƙasansu da ƙarfe don kada su baje. A bisansu a ɗora ƙarfe mai siffar harafin I, a tsakiyarsa a rataya sarƙar ɗaga kaya ta hannu, wadda bakanike suke kira cen bulok. A saya wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka a jikinta, ya kuma fi nauyin injin. Kada a yi ƙugiya da rodin gini.

Ƙarfen saman nan kada ya yi tsawo fiye da bukata. Idan aka ninka tsawonsa sau biyu, wahalar da yake sha a tsakiya ta ninku sau biyu, lanƙwasawarsa kuwa sau takwas. Ya isa a bar faɗin da motar da ta kawo injin za ta shiga ƙarƙashi. Girman ƙarfen kuwa, a nemi injiniya ya lissafa, kada a yi da ka. Ƙafafun su zauna a kan katako mai kauri a ƙasa mai tauri, domin ƙasar damina tana nutsewa.

Kafin a amince da maɗagin, a gwada shi da ruwa. Duro mai lita 200 yana ɗaukar kilo 200 na ruwa. Idan injin kilo 800 ne, a jera duro biyar a kan dandamalin katako, a cika su, a ɗaga kamar faɗin tafin hannu, a bari ya daɗe, a duba kowace walda. In wani abu zai karye, gara ruwa ya zube da a zubar da jini.

Ran aiki, mota ta shiga ƙarƙashin maɗagi, a ɗaure injin, a ɗaga kaɗan, mota ta fice, a sauke shi a hankali a kan bututun ƙarfe uku ko huɗu da aka jera bisa katakai daidai da daɓen kwantena. Daga nan sai a mirgina shi ciki da sandar ƙarfe, ana ɗauko bututun baya ana mai da shi gaba. A lura da sarƙoƙin ɗauri: idan suka kwanta sosai har kusurwarsu da ƙasa ta kai digiri 30, kowace ɗaya tana jan nauyin injin gaba ɗaya, ba rabi ba.

Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umurni. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kaya, kada a sa hannu a gyara bututu inji yana motsi, yara kuma a kore su nesa. Idan kwantenar za ta yi tafiya, injin ya zauna a tsakiya bisa katakai, a ɗaure shi da zobban da suke gefen daɓe.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma hannu ashirin ma ba su isa su tare inji in ya zame ba. Kuɗin ƙarfe da walda bai kai kuɗin asibiti ba, kuma kowane saurayin da ya zo taimako akwai masu jiran dawowarsa gida lafiya.