Matsalar Ɓatan Umarnai a Manhajar Wasiƙun Imel: Musabbabi da Hanyar Gyara

1.0 Gabatarwa

Manazarcin da tattara bayanai ya kai shi gari irin Lafani, a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, da imel yake dogara wajen tura aikinsa ga malaminsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan manhajar wasiƙun ta cije tana nuna saƙon "command not found", wato ba a sami umarnin ba, akan zaci lalacewa ta yi, har wani ya kai ga wanke kwamfutar baki ɗaya, ya yi asarar wasiƙu da bayanan da ya sha wahalar tattarawa. Wannan maƙala tana bayyana cewa galibi ba abin da ya ɓace. Adireshi kawai manhajar ta rasa.

2.0 Yadda Manhajar Take Aiki

Misalin da aka ɗauka shi ne MH, wadda aka ƙirƙiro a cibiyar RAND ta Amurka a ƙarshen shekarun 1970, da magajiyarta nmh da ake amfani da ita a kwamfutoci masu tsarin Linux. Manhajar ba dunƙulalliya ba ce. Tarin ƙananan umarnai ne, kowane da aikinsa. Inc ne ke shigo da sababbin wasiƙu, scan ya jera su, show ya buɗe, comp ya fara sabuwa, repl ya ba da amsa, send kuma ya aika. Akwai kuma manhajoji masu taga irin su exmh ta Brent Welch, waɗanda ba su yin aikin da kansu, sai dai su kira waɗannan umarnai. Da yake kowace wasiƙa a fayil nata ake adana ta cikin kwamfutar, ana iya karanta ta ko babu intanet.

3.0 Musabbabin Matsalar

Tsarin Linux ba ya laluben duk kwamfuta idan aka kira umarni. Wani jerin foldoji yake bi mai suna PATH, daga hagu zuwa dama, ya tsaya a inda ya fara cin karo da sunan. Kwatankwacinsa shi ne attajiri a kasuwar Illela da ya aiki yaronsa kiran dillali, ya lissafa masa rumfuna uku. In dillalin yana rumfa ta huɗu, yaron zai dawo ya ce bai gan shi ba, alhali yana cikin kasuwar. Haka yake faruwa a tsarin Debian, inda ake ajiye umarnan nmh a /usr/bin/mh, foldar da ba ta cikin jerin da aka saba farawa da shi.

4.0 Matakan Gyara

Da farko, a buɗe tagar rubuta umarni a shigar da echo $PATH, domin ganin foldojin da ke cikin jerin. Na biyu, a rubuta command -v inc. In bai nuna komai ba, to umarnin ba ya kan hanya. Na uku, a gano ainihin mazauninsa da dpkg -L nmh. Idan wannan ya nuna ba a ɗora nmh ba, sai a ɗora ta. Idan kuwa tana nan, sai a ƙara wannan layi a ƙarshen fayil ɗin .profile:

export PATH="$PATH:/usr/bin/mh"

Daga nan a fita daga tsarin a sake shiga, domin a lokacin shiga ne ake karanta fayil ɗin.

Wurare biyu ne suka fi rikita masu gyara. Na ɗaya, aikin da aka tsara cron ya riƙa yi da kansa ba ya karanta .profile, gajeren jeri yake bi, wanda galibi /usr/bin da /bin ne kawai, don haka sai an rubuta masa cikakken adireshin umarnin. Na biyu, akwai layi mai suna Path a cikin .mh_profile, amma shi ma'ajiyar wasiƙu yake nunawa. Wanda ya sauya shi bisa zaton jerin umarnai ne zai ga kamar wasiƙunsa sun ɓace.

5.0 Kammalawa

An ga cewa layi ɗaya ya isa ya warware matsalar da ke sa wasu wanke kwamfuta. Ruɗanin da ke tsakanin PATH da Path kuwa ya nuna aikin da ke gaban masana Hausa: a bambanta ma'anonin biyu tun daga suna. Wannan maƙala tana ba da shawarar a kira na farko "jerin hanyoyin umarni", na biyu kuma "adireshin ma'ajiyar wasiƙu".