Idan Katin Sadarwa Ya Yi Shiru a Linux

An sabunta manhaja, an sake kunna kwamfuta, sai intanet ta ɗauke ɗif. Waya na jone, fitilar rauta na ci, amma ba shiga ba fita. A nan mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa kati ya ƙone, ko su goge komai su ɗora tsarin daga farko. Sau da yawa wannan wahalar banza ce, domin kanel ya riga ya rubuta abin da ke damunsa, karantawa ce ba a yi ba.

Kanel shi ne zuciyar tsarin, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Ba ya jin yaren kowane kati kai tsaye, sai da tafinta, wato direba. Don haka abin da za a fara bincika shi ne: kanel ya ga katin kuwa, kuma wane direba ya ba shi? Umarnin lspci -nnk zai nuna sunan katin da lambarsa da direban da ke riƙe da shi. Lambar ta fi sunan da ke jikin kwali amfani: 8086 ta Intel ce, 10ec ta Realtek. Idan katin bai bayyana ba sam, a duba ko an kashe shi a BIOS kafin a zargi kowa.

Daga nan sai dmesg, littafin da kanel ke rubuta duk abin da ya faru tun daga kunnawa. Wasu katunan, musamman na waifai, ba sa motsi sai an loda musu wata 'yar manhaja a cikinsu, wadda masu gyara ke kira famwe. In babu ita, dmesg zai faɗi sunan fayil ɗin da ya nema ya rasa. Masu amfani da Debian sun sha fama da wannan shekara da shekaru, sai a 2023 da Debian 12 ta fito aka sa irin waɗannan fayiloli cikin faifan ɗorawa.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne katunan Realtek na jinsin RTL8111 da RTL8168, waɗanda suka cika kwamfutoci masu sauƙin kuɗi. Direba biyu ke da'awarsu: r8169 da ke zuwa cikin kanel, da r8168 na kamfanin. Da zarar an sami tangarɗa sai wani ya ce a toshe na farko a ɗora na biyu. Wani lokaci hakan kan yi magani, amma a ganina bai kamata a fara da shi ba. Direban da aka kawo daga waje sai an sake gina shi duk sanda kanel ya canja, kuma idan Secure Boot na kunne zai ƙi karɓar direban da ba shi da sa hannu. Gara a fara gwada abu mai arha. Katin da ke aiki yana katsewa, dmesg kuma na ambaton NETDEV WATCHDOG, sau tari tsarin tsimin wuta ne ke sa shi barcin da ba ya farkawa. A kashe tsimin da umarnin ethtool, ko a tayar da kanel da pcie_aspm=off, a gani.

Gwajin da ya fi kowanne saurin raba gardama shi ne zaɓen tsohon kanel daga jerin GRUB, wanda ke fitowa lokacin kunna kwamfuta. In kati ya tashi da tsohon, to lafiyarsa ƙalau, laifin na sabon ne. (Kafin a gama, ana iya jona wayar salula ta USB a ari intanet ɗinta.)

Ko a nan ma, ba kullum direba ke da laifi ba. A 2008, lokacin gwajin kanel 2.6.27, wasu katunan Intel masu amfani da direban e1000e suka riƙa mutuwa murus, domin wani abu na lalata bayanan da ke ajiye cikin ƙwaƙwalwar katin. Kowa ya sa wa e1000e ido. Da aka bi diddigi, sai ga shi ftrace ne, wani sashe na bin sawun ayyukan kanel da bai da alaƙa da sadarwa, yake rubutu a wurin da ba nasa ba.