Tasirin Garin Oksaid na Ƙarfe a Kan Gamin Zaren Tsiro da Zaren Kabon

1.0 Gabatarwa

Maginin gargajiya ya san ƙasa zalla tana tsagewa, shi ya sa yake cuɗa ta da ramno. Bisa irin wannan hikima ce masana ke jera zare cikin danƙon ifoksi, su bar shi ya daskare, a sami faranti mai ƙarfi marar nauyi. Wannan takarda za ta dubi abin da ke faruwa idan aka gama zaren tsiro, kamar na rama, da zaren kabon, sa'an nan aka zuba garin oksaid na ƙarfe cikin danƙon.

2.0 Dalilin Gama Zaren Biyu

Zaren kabon yana da ƙarfi ainun, amma yana da tsada, kuma farat ɗaya yake karyewa. Shi kuwa zaren tsiro yana da araha da rashin nauyi, sai dai yana shan ruwa ya kumbura, kuma yakan soma lalacewa idan zafi ya kai wajen digiri 200. Saboda haka akan shimfiɗa kabon a sama da ƙasa, a sa zaren tsiro a tsakiya, domin bayan faranti ne ke ɗaukar mafi yawan wahala idan an tanƙwara shi.

3.0 Aikin Garin Oksaid

Kowane gari da irin aikinsa. Alumina, watau oksaid na alminiyam, tana ƙara tauri da jure gogayya. Oksaid na titaniyam da na tutiya suna tare ɓangaren hasken rana mai tsofar da danƙo. Bugu da ƙari, ƙwayoyin garin sukan tare hanyar tsaga, su tilasta mata kewayawa, su kuma rage saurin shigar ruwa.

Amma fa amfanin yana da iyaka. Da zarar garin ya yi yawa sai ya dunƙule, danƙon ya yi kauri, ya kasa ratsa zaren, a bar ƙananan ramukan iska. Daga waɗannan dunƙule da ramuka ne karaya ke somawa. Akwai kuma batun nauyi: ifoksi ya ninka nauyin ruwa kamar sau 1.2, alumina wajen sau 4, oksaid na tutiya sau 5.6. Ke nan mai cika gari yana zubar da rashin nauyin da aka nema tun farko.

4.0 Kammalawa

Abin lura shi ne, warwatsuwar gari cikin danƙo ta fi yawansa muhimmanci. Ya kamata mai bincike ya wanke zaren da ruwan soda, ya busar da shi sarai, ya dama garin ƙwarai, sa'an nan ya riƙa ƙara shi kaɗan kaɗan yana gwadawa, har ya ga inda ƙarfi ya soma raguwa. Tun da muna noman rama, wannan gwaji ne da ya dace manyan makarantunmu su ba shi muhimmanci.