Jami'a da ma'adinin uraniyom: abin da aikin Imouraren ya koyar

Gabatarwa

Wannan maƙala tana duba dangantakar da ke tsakanin makarantun ilimi mai zurfi na Nijar da kamfanonin haƙar uraniyom na arewacin ƙasar. Mun ɗauki Imouraren a matsayin misali domin a nan ne aka fi sa rai, a nan ne kuma ran ya fi ɓaci. Za mu bi al'amarin ta fuska uku: horar da ɗalibai, samun bayanan bincike, da matsayin malami mai bincike tsakanin gwamnati, kamfani da jama'ar gari.

1. Taƙaitaccen tarihi

Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, wato CEA, ita ce ta gano ma'adinin Imouraren a shekarar 1966, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit. Ba a taɓa shi ba a lokacin, domin uraniyom ɗin da ke cikin dutsensa bai kai na Arlit kauri ba. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da uraniyom a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara aiki a Akouta a 1978.

Jami'ar ƙasa tsarar waɗannan kamfanoni ce. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Kuɗin uraniyom na ƙarshen shekarun 1970 ya taimaka wa gwamnati wajen gine-gine da biyan bursu. Da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, jami'a ta ji a jikinta. Tsuke bakin aljihu ya kawo yajin aiki, da shekarun karatu da suka salwanta, da zanga-zangar ɗalibai ta ranar 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy, inda aka rasa rayuka. Ke nan tun farko arzikin jami'a yana hawa da sauka tare da farashin wani dutse da ba a Yamai ake yanke kuɗinsa ba.

2. Horarwa domin aikin da bai zo ba

Makarantu biyu ne suka daɗe suna horar da ma'aikatan ma'adinai. Makarantar EMAÏR ta Agadez tana fitar da ƙwararrun ma'aikata tun shekarun 1970. Makarantar EMIG ta Yamai, wadda ƙungiyar CEAO ta gina, ta buɗe a 1990 domin horar da injiniyoyi. Da ƙungiyar ta rushe a 1994, nauyinta ya dawo kan Nijar.

A watan Janairu 2009 gwamnati ta ba kamfanin Areva izinin haƙar Imouraren, kuma a watan Mayu na wannan shekara shugaba Tandja Mamadou ya aza tubalin farko. An yi hasashen fitar da tan 5000 a kowace shekara, abin da zai ninka yawan uraniyom ɗin da ƙasar take fitarwa. Matasa da dama suka zaɓi fannin ilimin duwatsu, kanikanci da lantarki da wannan fata. Sai hatsarin Fukushima ya auku a Japan a watan Maris 2011, farashi ya karye. A watan Mayu 2014 gwamnati da Areva suka amince a jingine aikin. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Agadez, tare da na Diffa, Dosso da Tillabéri. Jami'ar da ta fi kusa da ma'adinin ta zo daidai lokacin da aka rufe ƙofarsa.

Matsalar a nan ta lokaci ce. Horar da injiniya yana cin shekara 5 bayan bakaloriya. Samar da malamin da zai koyar da shi yana cin fiye da 10. Kamfani kuwa yana iya dakatar da aiki a zama ɗaya. Idan sashe ya tsara darussansa a kan bukatar ma'aikata guda, ɗalibansa za su fito su tarar da wuri babu kowa. Rufe COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021 ya ƙara rage guraben sitaj, wanda shi ne gadar da ɗalibi yake bi daga aji zuwa aiki.

3. Wa ke riƙe da bayanai?

Mai binciken duwatsu yana bukatar samfurin da aka zaro daga rijiyoyin gwaji, da taswira, da sakamakon awo. A yankin Tim Mersoï, inda Arlit da Imouraren suke, kamfanoni ne suka haƙa waɗannan rijiyoyi, su ne kuma suka adana abin da ya fito. Da yawa daga cikin kundayen digirin dakta a kan wannan yanki an kare su ne a jami'o'in Faransa, inda na'urorin awo suke. Ɗalibin da kamfani ya ba samfur, ya biya masa tafiya, yakan sa hannu a kan sharaɗin sirri. Wannan ba laifi ba ne a harkar masana'antu, amma yana taƙaita tambayar da ɗalibi zai iya yi.

An fi ganin wannan gibi a batun lafiya da muhalli. Awon tururin nukiliya da ya fi yin amo a Arlit da Akokan ya fito ne daga ƙungiyoyin waje: CRIIRAD ta Faransa a Disamba 2003, da Greenpeace a Nuwamba 2009, tare da ƙungiyar gari ta Aghir In'Man. Kamfanin ya ƙi amincewa da yawancin abin da suka faɗa. Jami'ar Abdou Moumouni tana da cibiyar nazarin sinadarai masu tururi, wato IRI, amma a wannan muhawara ba muryar jami'a ce duniya ta ji ba. Mazaunin Arlit da ke son sanin ko ruwan rijiyarsa na shayuwa ya tsinci kansa tsakanin rahoton kamfani da rahoton masu fafutuka, ba tare da alƙali na gida da kowa ya yarda da shi ba. A Akouta an bar tarin dusar ma'adini da ta kai kusan tan miliyan 20, wadda za ta bukaci sa ido shekaru aru-aru bayan kamfanin ya tafi.

4. Malami tsakanin iyayen gida uku

Malami mai bincike yana amsa wa ɓangarori uku. Gwamnati ce ke biyan albashinsa, kuma ita ce mai hannun jari a ma'adinan. Kamfani ne ke ba shi aikin ƙwararre, kamar nazarin tasirin aiki a kan muhalli, wanda ladansa kan zarce albashin wata. Hukumar CAMES da ke Wagadugu ita ce ke duba rubuce-rubucensa kafin a ƙara masa girma, kuma rahoton sirri ba ya shiga lissafinta. Sakamakon haka, ilimi mai yawa yana kwance a durowa, bai amfani ɗalibi ba, bai amfani sashe ba.

Wannan yana shafar zumunci a cikin sashe. Babban malamin da ke da hanyar kwangila yana zaɓen ɗalibin da zai bi shi daji. Ɗalibin kuma yana jin nauyin musa masa, domin sa hannun malamin ne mabuɗin karatunsa. Ƙananan malamai da ba su da wannan hanya suna ɗauke da azuzuwa masu cunkoso. Akwai kuma rata tsakanin fannoni: masanin duwatsu yana shiga filin haƙa, masanin zamantakewa yana tsayawa a bakin shinge, wurin makiyaya Abzinawa da Fulani da aka rage wa makiyaya, kuma da wuya su zauna su haɗa abin da suka gani.

Tsaro ma ya ƙara nisan. Tawayen 2007 zuwa 2009, sace ma'aikata a Arlit a Satumba 2010, da harin ranar 23 ga Mayu 2013 a kan SOMAÏR sun mai da zuwa fili abu mai tsada da neman izini.

Kammalawa

A watan Yuni 2024 gwamnati ta janye izinin Imouraren daga hannun Orano, sunan da Areva ta ɗauka a 2018, kuma a Yuni 2025 ta sanar da mai da SOMAÏR mallakar ƙasa. Wannan ya canza mai riƙe da ma'adini, amma bai amsa tambayoyin da muka tayar ba. Ya ma ƙara musu nauyi, domin idan gwamnati ce mai haƙa, mai sa ido kuma mai biyan albashi, bukatar murya mai zaman kanta ta fi ƙarfi.

Abubuwa uku ne muke gani sun cancanci tattaunawa a sassanmu. Na farko, a shimfiɗa darussa yadda mai digirin duwatsu zai iya aikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, zinariya, man fetur ko gyaran wuraren da aka gama haƙa. Na biyu, a nemi a ajiye kwafin samfura da sakamakon awo a wata ma'ajiya ta ƙasa da ɗalibai za su iya shiga. Na uku, kowace kwangilar ƙwararre ta bi ta hannun jami'a, da wa'adin da bayansa za a iya buga sakamakon. Jami'ar Agadez, wadda ke kimanin kilomita 160 daga Imouraren, ita ce ta fi dacewa ta fara.