Ɓawon Kumba a Matsayin Shaidar Tarihin Bakin Kogi

Masu iya magana sun ce, in ba ka san mafari ba, ba ka san ƙarshe ba. Wannan maƙala za ta bayyana yadda masana ke gano halin da bakin kogi yake ciki a zamanin da, watau wurin da ruwan daɗi ke gamuwa da ruwan gishiri na teku, ta hanyar binciken ɓawon kumba.

Ita kumba, dabbar ruwa ce mai ɓawo biyu, wadda takan gina ɓawonta sannu a hankali, shimfiɗa bisa shimfiɗa, daga sinadaran ruwan da take zaune a ciki. Daga cikin sinadaran akwai oksijin, wanda yake da nau'i mai nauyi, mai lamba 18, da kuma maras nauyi, mai lamba 16. Ruwan kogi, musamman wanda ya samo asali daga narkewar ƙanƙara, bai kai ruwan teku yawan nau'i mai nauyin ba. Saboda haka idan aka kankare ɓawo aka auna, za a iya sanin gwargwadon ruwan daɗin da kumbar ta rayu a ciki, muddin an yi la'akari da zafin ruwan, domin shi ma yakan bar tasa alamar.

Alal misali, Kogin Kolorado yakan gangaro daga Amurka ya faɗa teku a Meksiko. Bayan kammala madatsar ruwa ta Hoover a 1936, da sauran madatsun da suka biyo baya, sai ya zamana a yawancin shekaru ruwansa ba ya isa teku. Ba a yi cikakken nazarin halittun wurin kafin madatsun ba, amma ɓawon kumba yana nan jibge a gaɓa. Wani bincike da aka buga a 2000 ya ƙiyasta cewa a da akwai kumba kimanin 50 a kowane murabba'in mita, alhali a lokacin binciken 3 kacal suka rage. Awon oksijin kuwa ya nuna tsofaffin sun girma ne cikin ruwan da kogi ya surka.

Amfanin wannan ilimi a fili yake. Duk mai son farfaɗo da bakin kogi, tilas ya san yawan ruwan da zai saka masa, ɓawon kumba kuwa shi ne mai ba da wannan ma'auni.