Kimiyyar Sauya Tayar Akwatin Kayan Kiɗa

Sanin kowa ne cewa makaɗan gargajiya, irin masu kalangu da kotso, a kafaɗa suke rataya kayansu. Amma masu kiɗan zamani da ake gayyata bukukuwa a garuruwan Jihar Kebbi, kamar Gwandu da ke gabas da Birnin Kebbi da Kalgo da ke kudu da shi, kayansu sun fi ƙarfin kafaɗa. Piyano da lasifika da na'urar haɗa sauti duk a akwatuna masu taya ake zuba su. Idan taya ɗaya ta karye, akwati zai karkace, kayan da aka daɗe ana tara kuɗinsu su bugu, mai su kuma ya rasa abin sana'a ranar biki. Sau da yawa akan sayo irin tayar da ta karye a mayar, ba da jimawa ba ita ma ta bi sahu. Dalili shi ne ba a binciki abin da ya karya ta farko ba.

Me Ke Karya Taya?

Abu na farko shi ne nauyi. A ɗauka akwati da kayansa sun kai kilo 60, tayoyi kuma 4 ne. Lissafi zai nuna kowace na ɗauke da kilo 15. To, amma wannan a kan daɓen siminti ne. A ƙasa mai tudu da kwari, sau da yawa tayoyi 3 ne kawai ke taɓa ƙasa, don haka kowace sai ta ɗauki kilo 20. Shi ya sa masu sana'ar ke raba nauyi gida 3 maimakon 4 kafin su zaɓi taya.

Na biyu shi ne ƙanƙanta. Yawancin tayoyin akwatuna an ƙera su ne don santsin daɓen filin jirgin sama. Hasali ma, a filin jirgi ne wani Ba'amurke, Bernard Sadow, ya sami dabarar sa wa akwatin tafiya taya a 1970. Idan taya mai faɗin santimita 5 ta ci karo da dutse mai tsawon santimita 2, sai an tura ta da ƙarfin da ya kusan ninka nauyin da ke kanta sau 5 kafin ta haye. Taya mai faɗin santimita 10 kuwa, ninki ɗaya da sulusi ya ishe ta. Wannan ƙarfin da ya wuce kima shi ke tsaga taya, ko ya tuge ta daga jikin akwati.

Na uku shi ne yashi. A tsakiyar taya akwai boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe masu rage gogayya. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi yana mataki na 7, ƙarfen wuƙa kuwa bai kai nan ba. Ke nan yashi na iya kankare ƙarfe. Idan ƙurar hunturu da rairayin hanya suka shiga boris, sai ya ciza, taya ta daina juyawa, a riƙa jan ta a ƙasa har gefe ɗaya ya cinye.

Yadda Ake Sauyawa

Da farko a kwashe kayan kiɗa, a kifa akwati. Idan da noti aka ɗaure tayar, sifana ta wadatar. Idan kuwa ƙusa ce da aka dake kanta, sai a huda kan da injin huda har ta saki. Daga nan a auna tazarar ramukan da tsayin tayar, a tafi kasuwa da tsohuwar a hannu. A nemi mai faɗi, mai rufaffen boris, wadda bakinta roba ce mai ɗan laushi, domin ita ke shanye girgizar da ke kwance wayoyin cikin na'ura. Busasshiyar roba ta fi araha, amma araha ba ta ado.

Kada a sauya ɗaya a bar abokiyarta, domin sabuwa za ta fi tsohuwa tsayi, nauyi ya taru a kanta. Wajen ɗaurawa, a sa faffaɗan ƙarfe ko katako ta ciki kafin a murɗa noti. Nauyin da ya bazu a wuri mai faɗi ba ya huda jikin akwati, kamar yadda faɗin tafin raƙumi ke hana shi nutsewa a rairayi.

Gwaji Ga Ɗalibai

Malami na iya nuna wannan a harabar makaranta. A ɗora bulo a kan katako mai ƙananan tayoyi, a ja shi da ma'aunin rataye a kan siminti, sannan a kan yashi, a rubuta abin da ma'auni ya nuna. A sake da manyan tayoyi. Ɗaliban da suka kwatanta alƙaluman nan 4 za su gane da kansu irin tayar da ta dace da hanyoyin garinsu.