Rani Ya Zo, Ina Zumunci?

Dā can, in an gama girbi a ƙasar Kura da Bunkure, rani lokacin zumunci ne. Magidanci ya hau kekensa ya tafi gaida surukai, har ya kwana biyu. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya iso gonakin Kadawa, sai rani ya zama wata damina. Alkama tana jiran ban ruwa. Tumatir kuwa bai san Asabar ko Lahadi ba; in ya nuna, ko a tsinke yau ko ya ruɓe gobe.

To, ina ake ganin juna yanzu? Sai a kasuwar Kwanar Gafan, ana lodin kwanduna zuwa Ikko. A gaisa a tsaye, dillali yana jan hannun riga. Mai karatu, wannan ba ziyara ba ce. A 2016, da tsutsa ta cinye tumatir, ba dillali ne ya auna wa manomi hatsi ba, ɗan'uwa ne.

Waɗansu iyalai sun sami dabara. Ran Lahadi bayan sujada sukan bi gidajen dangi, wannan mako nan, mako mai zuwa can. In an buɗe baje kolin Kano a ƙarshen shekara, gida biyu su haɗa kuɗin mota, maza su duba injin ban ruwa, mata su tayi atamfa.

Sai dai in yaran birni sun zo, a hana su wanka a magudana. Akwai tsargiya a ruwan.